Ƙafa ta Uku

A ƙarshen hanyar Quemchi, inda kwalta ta gaji ta bar wa laka,
falwaya ta ƙarshe ta miƙo mana waya biyu:
ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta raka ta gida.
Sun ishi ƙwan fitila, sun ishi firiji da rediyo.
Amma zarton da kawu Nibaldo ya sayo a gwanjon kamfanin kifi
ya dube su ya yi gunaguni,
ya ɗau zafi, ya yi ƙaurin gashi,
ko haƙori ɗaya bai motsa ba.

Layi uku yake so, in ji allon ƙarfen da ke ƙirjinsa.
Kamfanin wuta ya aiko takarda:
kuɗin kwalekwale huɗu, sai kuma haƙurin shekara biyu.
Kawu ya ninke ta ya tokare ƙafar tebur.
Katako na jibge a rumfa yana shan ruwan tsibiri,
haƙarƙarin jirgin da muka fara yana kallon sama.

Ran Laraba Eudocia Barría ta gangaro da baro.
Shekara goma sha tara ta yi tana naɗa wayar injuna
kafin a rufe ƙofa a ba ta ambulan.
Cikin baron, wani tsohon inji, fentinsa ya ɓare,
ba bel, ba fanka, ba abin da zai ja.
Kawu ya ce, wannan kuma aikin me zai yi?
Ta ce, babu.
Juyawa kawai.

Ta buɗe murfi, ta kwance tauraro ta ɗaure kusurwa uku,
ta ba shi wayoyinmu biyu,
bakinsa na uku ta bar shi wayam.
Tukunya, in ji ta, ba ta zama kan dutse biyu,
ko ka lallashe ta, miya a ƙasa za ta kwana.
Wannan tsohon shi zai haifa mana dutsen.

Ta naɗa igiya a wuyan ƙarfensa ta miƙo mini.
Na fizga. Ya yi tari ya mutu.
Na sake, igiyar ta tsatsa mini tafi.
A na uku ta danna makunni yana cikin gudu,
sai gunagunin ya miƙe, ya zama zare ɗaya,
allurar mita ta ɗaga kai
a kan wayar da ba ta taɓa ganin falwaya ba.

Ɗari biyu da ashirin. Ɗari biyu da ashirin da ɗaya.
Ɗari da casa'in da shida.
Ƙafar aro ce, ta ce, dole ta ɗingisa.
Ta ƙara kafasita, ta yi tsaki, ta cire ƙarama,
har gurguwar ta kusa kamo 'yan'uwanta.
Kusa dai. Ba ta yi mana alkawarin daidai ba.

Zarto ya shiga itace kamar an daɗe da sabawa.

A kusurwa, kan kujerar da ba mai taɓawa,
kakana Belisario na zaune da bargo a gwiwa.
Tun da hannunsa ya fara rawa bai ƙara riƙe gizago ba,
sai zuwa da safe, sai kallo,
sai ɗan kakari in layin kawu ya karkace.
Ya jima yana duban injin da ba ya jan komai.
Ya ce, kashe shi mu gani.
Muka kashe.
Washegari, ba shi, zarto ya ƙi tashi.

Tsoho bai ce uffan ba.
Ya dai sa na matso masa da kujera kusa da shi,
wai wurin ya fi ɗumi.